Wasiƙa Daga Burussel a Kan Mas'alar Firalin

Zuwa ga Yayana,

Sanyi ya shigo, tarin nan ya sake ni, aiki sai godiya.

Ka sani, Allah ya ƙara maka basira, mutanen Beljiyam suna da wata al'ada da suka riƙe kamar farilla, wato ba mai taka ƙofar wani don cin abinci face da ɗan akwatin kwali a hannunsa, ɗaure da zare mai sheƙi, cike da wani cakulan mai haɗi a tsakiya wanda suke kira firalin. Shi ne goronsu. Sai dai goro ana ɓara shi a miƙa a ci gaba da zance, wannan kuwa da an buɗe sai majalisa ta yi tsit, dattijo mai furfura ya tsaya da yatsa a sama kamar mai istihara, domin ba a sanin abin da ke ciki sai haƙori ya shiga.

Da na bi asalin kalmar, sai na iske saɓani har mazhaba uku. An ciro ta ne daga sunan wani babban hafsan Faransa, Plessis-Praslin, wanda ya rasu a 1675, aka ce kukunsa ne ya fara toya 'ya'yan almon cikin narkakken sukari, amma ubangidan ya tafi da sunan. Don haka a wurin Faransawa firalin na asali babu cakulan a jikinsa, tamkar gyaɗa mai sukari ce ta bakin tasha. Mutanen Luwiziyana ta Amurka suka sa wani ɗan itace da ake kira fikan da madara, abin ya fito kamar kantu. Na nan kuwa Jean Neuhaus ne ya ƙago shi a 1912, jikan wani mai kantin magani da ya riƙa lulluɓe magani mai ɗaci da cakulan; jikan ya zare maganin ya bar daɗin, matarsa ta ƙago akwatin a 1915.

Wallahi da kai aka kawo wa wannan mas'ala, kai da Inna take ɓoye wa alewa a ƙarƙashin gado, da kafin la'asar ka cinye hujjojin mazhabobin duka uku, sannan ka ba da fatawa cewa sai an ƙaro kafin ka yanke hukunci!

Jiya wata tsohuwa maƙwabciyata ta kawo mini akwati guda. Na buɗe, na tsinci kaina ina ware rabon kowa na gida kamar yadda muke yi da tsarabar kasuwa, naka biyu, sannan na mayar da murfin. Yana nan bakin taga inda sanyi yake, sai an sami mai zuwa. In ka sami mai tahowa, a haɗo mini kantun Inna.

Ƙaninka.