Ciwon Babban Faranti: Nazari Daga Kakuri

A cikin kowace kyamarar zamani akwai wani ɗan faranti da ke zaune a bayan gilashin gaba, wanda masu sana'a ke kira sensa, kuma aikinsa shi ne ya karɓi hasken da ya shigo ya mayar da shi hoto, wato aikin da fim yake yi a zamanin da ake wanke hoto a ɗaki mai duhu. Girman wannan faranti ne ya raba masu ɗaukar hoto gida biyu. Babban, wanda ake kira fulfirem, yana da tsawon milimita 36 da faɗin milimita 24, kuma ya gaji wannan awo ne daga wani Bajamushe mai suna Oskar Barnack, wanda ya ɗauki fim ɗin majigi ya sa shi a cikin ƙaramar kyamarar hannu da ta shiga kasuwa a 1925 da sunan Leica. Ƙaramin kuwa, wanda ake kira kurof, a kyamarorin Canon milimita 22.3 ne da 14.9, na Nikon ya ɗan ɗara haka, ta yadda idan aka auna fili za a ga babban ya ninka na Canon sau biyu da rabi da 'yar ɗoriya. Magana ce ta 'yan milimitoci, amma bincike ya nuna cewa sun isa su hana magidanci barci, su kuma sa shi yi wa iyalinsa jawabi a kan haske a lokacin da ake jiran kuɗin cefane.

Mutumin da wannan nazari ya ɗauka a matsayin misali mai hoto ne da ke da ɗan shago a Kakuri, kudu da Kogin Kaduna, kuma adalci ya wajabta a bayyana cewa kusancinsa da mai rubuta nazarin ya kai ga hula ɗaya suke sawa, mutum ɗaya kuma yake bin su bashi. Kakuri unguwar masana'antu ce, inda aka buɗe masaƙar KTL a 1957, kamfanin Peugeot ya fara haɗa motoci a 1975, kuma a wancan zamani ma'aikaci yakan karɓi albashi ya ɗinka sabon kaya ya je shagon hoto ya tsaya kusa da tukunyar furen roba. KTL ta rufe a 2002, sauran masaƙu suka bi sahu, daga baya wayar hannu ta ƙwace abin da ya rage, har cinikin mai hoto ya koma kan abubuwan da waya ba ta iya yi da mutunci: hoton fasfo, ɗaurin aure da kamu a Makera da Nasarawa, bikin godiya a coci-cocin Sabon Tasha da Narayi, saukar karatu, da yayen ɗaliban nazare waɗanda ake sa musu rigar digiri tun ba su iya ɗaure takalmi ba. Duk wannan aiki Mai Hoto ya yi ta yin sa da Canon 600D, kyamarar ƙaramin faranti da ta fito a 2011 mai megafiksel 18, tare da idanu biyu, wato gilasan da ake ɗaurawa a gaba: ɗaya mai zuƙowa daga milimita 18 zuwa 55, ɗaya kuma kafaffe mai milimita 50. Babu wanda ya taɓa dawo masa da hoto, in ban da masu ƙorafin cewa bai ƙara musu hasken fata yadda ya kamata ba, wanda kuwa laifin Photoshop ne ba na faranti ba.

An gano asalin ciwon a wata liyafar dina a Barnawa, inda dangin ango suka kawo nasu mai hoton daga Abuja, saurayi mai baƙar riga da kyamarori biyu rataye a kafaɗu, kowace da idon da ya kai damtse. Lokacin da aka zo yanka kek, wata gwaggon amarya ta dafa kafaɗar Mai Hoto cikin tausayi ta ce, "Ɗana, ɗan matsa gefe mai hoton ya ɗauka, in ya gama sai kai ma ka yi naka." Ya amsa da "To, Hajiya," ya matsa, ya koma gida bai taɓa shinkafar da aka ƙunsa masa ba, alamar da masu lura da wannan ciwo suka yi ittifaƙin cewa ita ce ta farko kuma mafi muni.

Daga nan ya shiga matakin karatu, wanda ya cinye data mai yawa, kuma dole a yarda cewa abin da ya karanta gaskiya ne. Babban faranti yana tara haske fiye da ƙarami a daidai gwargwadon filinsa, saboda haka idan wuri ya yi duhu hotonsa ba ya cika da ƙurajen nan masu launi da ke ɓata fuska. Yana kuma ganin duk faɗin abin da ido ya kawo, alhali ƙaramin yana yanke gefe da gefe ya riƙe tsakiya kawai, shi ya sa idon milimita 50 a kan 600D yake nuna abin da na milimita 80 zai nuna a kan babbar kyamara, mai hoto ya yi ta ja da baya har ya jingina da bango ko ya taka tiren lemo. Abu na uku, wanda shi ne ya fi ɗaukar hankalinsa, shi ne yadda babban faranti yake sauƙaƙa narkar da bayan hoto, a ga mutum ya fito tas, abin da ke bayansa kuwa ya zama hazo mai laushi. Abin da bai tsaya ya lura da shi ba shi ne cewa masu wannan bayani a YouTube mafi yawansu suna ɗaukar mutum ɗaya ne a bakin teku, ba dangi arba'in a tsakar gida ba.

Ya tsayar da shawara a kan Canon 6D, wadda ta fito a 2012 mai megafiksel 20.2, domin tana daga masu sauƙin kuɗi a cikin manyan da ake samu tokumbo, ya kuma shiga adashe. A nan tarihin ƙasa ya shigo cikin nasa, domin a watan Yunin 2023 aka saki naira ta nemi farashinta da kanta, dala da ke wajen naira 460 a hukumance ta haura 1,500 a farkon 2024, kuma tun da kyamara ba a Kakuri ake ƙera ta ba, duk lokacin da kwasarsa ta matso sai farashin ya ƙara gaba. Domin cike giɓin sai ya yanke wani hukunci da ya ɗauka a matsayin hikima, wato ya sayar wa yaron shagonsa gangar tsohuwar kyamarar a farashin gida, ya riƙe idanun biyu domin ya ɗaura wa sabuwar. Masana harkar aure za su gane kuskuren nan take, domin babbar kyamara amarya ce, kuɗin gangarta sadaki ne kawai, kuma wanda ya biya sadaki ya zaci ya gama, bai ji labarin lefe da kayan ɗaki ba tukuna.

Kayan sun iso daga Legas ta motar dare, a cikin kwali da aka naɗe da salatif kamar ana tsoron kada ta gudu, ya karɓo daga tasha ya rufe shago, ya tara maƙwabta: mai gyaran waya, tela, da mai shayin bakin layi. Ya cire murfi ya ɗauko idon 18 zuwa 55, wanda da shi yake yin kusan duk aikinsa, ya nemi ya ɗaura, ido ya ƙi shiga. Ya juya shi dama, ya juya shi hagu, ya yi bisimilla ya sake, mai gyaran waya ya ba da shawarar a ɗan goga da fayil, tela ya ce a shafa man keken ɗinki. Bayanin lamarin, wanda ke rubuce a takardar kamfanin tun fil azal ga mai son karantawa, shi ne cewa tun 2003 Canon yake ƙera wasu idanu na musamman domin ƙaramin faranti, masu lamba EF-S, waɗanda bayansu ya fi kutsawa cikin kyamara, kuma da gangan aka hana su shiga babbar, domin madubin cikinta ya fi girma, zai iya bugun bayan idon idan ya ɗaga. Alamar wannan ido farar murabba'i ce, ta wanda ke shiga ko'ina kuwa jan ɗigo ne, kuma Mai Hoto ya daɗe yana ganin farar murabba'in yana zaton ado ce. Da ma Nikon yake riƙe da ita, idon zai shiga, sai dai kyamarar ta yanke hoton ta koma ƙarami, amma wannan ilimi ne da ba ya warkar da kowa a irin wannan lokaci.

Sauran binciken ya gudana cikin hanzari. Batiran da ya tara ba su shiga ba, domin 600D tana cin LP-E8, sabuwar kuwa LP-E6. Ya nemi maɓallin da zai ɗaga 'yar filashar saman kai, wato fitilar da ke walƙawa, ya tarar 6D ba ta da ita sam, domin an ɗauka duk mai irin wannan kyamara yana da filasha ta daban. Idon milimita 50 kaɗai ya shiga, mai jan ɗigo, kuma da shi ɗaya tilo ya nufi wani kamu a Makera da ya riga ya karɓi kafin alƙalami.

A nan akwai buƙatar ɗan bayani. A cikin kowane ido akwai ƙofar haske da ke buɗewa ta tsuke, ana auna ta da lamba, kuma ƙanƙantar lamba ita ce girman ƙofa. Idan aka buɗe ta zuwa 1.8 haske zai shigo da yawa, amma tazarar da za ta fito tas takan zama siririya ƙwarai, wani lokaci 'yan santimitoci, komai na gaba ko baya ya dushe. Hoton dangi mai layi biyu ko uku yana buƙatar a tsuke ƙofar zuwa 5.6 ko 8, kuma daga 1.8 zuwa 8 hasken yakan ragu kusan ninki 20, abin da ba ya yiwuwa bayan magariba sai da filasha. Wani ƙarin abin takaici shi ne cewa babban faranti, kafin ya ba da zurfi irin na ƙarami, sai an tsuke ƙofarsa fiye da ta ƙaramin da ninki 1.6, ta yadda ribar hasken da aka sayar da kyamara aka shiga adashe dominta takan koma inda ta fito a daidai hoton da dangi suka fi damuwa da shi.

Mai Hoto ya buɗe ƙofar har ƙarshe, ya duba ɗan allon bayan kyamara, ya ga abin da yake mafarki, har ya yi wa kansa kirari a zuci. Sai da aka buɗe hotunan a kwamfuta gaskiya ta bayyana. Amarya ta fito kamar a mujalla, lallenta tas, amma ƙawayen da suka ɗinka anko suka tsaya a bayanta sun zama inuwoyi masu launin shuɗi, kuma a hoton iyaye an samu wata dattijuwa wadda gefen gyalenta kaɗai ya tsira. Uwar amarya ta daɗe tana kallo kafin ta yi magana. "Malam mai hoto," ta ce, "ina kwalliyar wurin? Ka san nawa muka biya mai ado? Furanni, labule, kujerar zinare, duk ka shafe su da hayaƙi. Ita kuma wannan, uwar ango ce fa, so kake a ce mun yi mata asiri?" Ya fara bayanin cewa a Turai ƙarin kuɗi ake biya domin wannan hazo, ta ce to ya kai musu can.

Ƙorafin uwar amarya yana da tushe mai ƙarfi, kuma mai nazari yana ganin ta fi masu YouTube fahimtar aikin. Hoton biki a wannan gari shaida ce ta wanda ya zo da abin da aka kashe, wadda za a ciro bayan shekaru idan gardama ta tashi a kan ko wance ta halarta, saboda haka kyamarar da gwanintarta ita ce ɓoye mahalarta ta zo da maganin cutar da babu mai ita. Ban da haka, hotunan da suka tsira ta WhatsApp aka raba su, wadda ke matse hoto kafin ta aika, aka kalle su a fuskar waya mai tsaga, inda ko Barnack ya tashi ba zai bambance megafiksel 18 da 20 ba. Masu hoton fasfo kuwa sun ci gaba da karɓar fuskokinsu guda huɗu a takarda ɗaya ba tare da sun san an yi juyin mulki a shagon ba.

Ba za a rufe ido ga inda amaryar kyamarar ta yi rawar gani ba. A wani taron addu'ar dare a Sabon Tasha aka ɗauke wuta, janareto ya yi gardama, ya rage sai fitilun waya, kuma a cikin wannan duhu 6D ta ɗauko fuskar wata mawaƙiya da kyawun da tsohuwar kyamarar ba za ta taɓa kusanta ba. Hoton yana rataye a shagon, kowa ya gani ya yaba, kuma har yanzu babu wanda ya biya kuɗinsa.

Tsarin da aka samu a halin yanzu shi ne cewa duk ranar biki Mai Hoto yakan karɓi hayar tsohuwar kyamararsa daga hannun yaron shagon, ya ɗaura mata idon mai farar murabba'i ya yi hotunan dangi da ita, babbar kuma ya rataye ta a kafaɗa inda gwaggonni za su gani, kuma tun daga lokacin ba a sake ce masa ya matsa gefe ba. Yaron yana ba da hayar cikin ladabi, yakan ce, "Oga, kai ne fa, in wani ne ba haka zan bayar ba," sannan ya ƙirga kuɗin sau biyu. Rahotanni na baya-bayan nan sun nuna cewa Mai Hoto ya soma karatu a kan kyamarori marasa madubi, musamman EOS R ta 2018 mai megafiksel 30.3, bayan da ya ji cewa da wani zoben haɗi idon nan da ya ƙi shiga zai shiga lafiya. Wannan ma gaskiya ne, sai dai da zarar an ɗaura shi kyamarar takan yanke farantinta da kanta ta koma kurof, ta ba da hoto mai megafiksel 11.6, ƙasa da na wadda yake haya. An sanar da shi wannan lissafi a rubuce, ya karanta ya ce zai duba, kuma uwar adashe ta tabbatar da cewa ya riga ya nemi a sa masa hannu biyu a zagaye mai zuwa.