Gaisuwar Shekara a Delaware

A jihar Delaware ta Amurka kamfanoni sun fi mutane yawa. Gini guda a Wilmington, lamba 1209 kan titin North Orange, shi ne adireshin kamfanoni sama da dubu 200, kuma ba a taɓa jin sun yi rigima kan layin banɗaki ba.

Sai dai jiha ba ta manta 'ya'yanta. Zuwa 1 ga Maris kowace shekara, kamfani mai hannun jari zai miƙa rahoto ya biya haraji, ko da allura bai sayar ba. Ka makara? Tarar dala 200, ga ruwa kashi 1.5 cikin ɗari duk wata.

Wurin lissafi ake shan kallo. Wani matashi ya yi wa kamfaninsa rajista da hannun jari guda miliyan 10, asusunsa kuwa ko kuɗin shayi babu. Sai takardar haraji ta iso, an lissafa bisa yawan hannun jarin: dala dubu 85 da 'yan kai. Gumi ya keto masa, ya kira akanta cikin dare. Akanta ya yi hamma, ya bi ɗaya hanyar da doka ta yarda da ita, wadda ke duba kadarori, kuɗin ya dawo dala 400. Da safe akanta ya turo takardar ladansa.