Ranka Ya Daɗe, Ga Wanda Zai Iya da Talauci

Ya Mai Girma Shugaban Ƙasa, ranka ya daɗe.

Na rubuto ne don in rage maka wahalar neman mutum. Kujerar kula da shirye-shiryen rage talauci ba ta cika daɗewa da mai ita ba. Saboda haka duk ranar da ta sake zama babu kowa, ga Honarabul ɗin unguwarmu. Ba zan faɗi sunansa ba, domin mutum ne mai kunya. Ko a takardar kwangila ba ya yarda a rubuta sunansa, na ƙanin matarsa yake sawa.

Wannan aiki gogagge yake so, kuma Honarabul ya taɓa gwabzawa da talauci ya kayar da shi a gaban idonmu. Lokacin da aka naɗa shi shugaban kwamitin rabon tallafi na ƙaramar hukumarmu, a gidan haya yake, ciki da falo, babur ɗinsa sai yara sun tura yake tashi. Kafin kwamitin ya miƙa rahoto ya ɗora bene, ya haƙa burtsatse, ya jera sola a kan rufi, ya ƙara aure, ya je Umra ya yi wa ƙasa addu'a. Mahassada suna cewa mutum ɗaya tak shirin ya fitar daga talauci. To, da babu ai gara ba daɗi. A 2022 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce 'yan Najeriya miliyan 133 ne ke cikin talauci ta fuskoki daban-daban, kashi 63 cikin ɗari ke nan, kuma miliyan 86 daga cikinsu a Arewa suke. Taro irin wannan dole a fara shi daga wani wuri. Honarabul ya fara da wanda ya fi kusa da shi.

Ga shi da sanin tarihi. Idan ya zauna a majalisar ƙofar gidansa bayan la'asar, zai kawo maka shirye-shiryen rage talauci ɗaya bayan ɗaya: DFRRI a 1986, shirin Better Life na Maryam Babangida a 1987, People's Bank a 1989, FEAP a zamanin Abacha, NAPEP a 2001, SURE-P a 2012, sannan su N-Power da TraderMoni na zamanin Buhari. Duk an ƙaddamar da su da kiɗa da anko, yawancinsu sun kwanta dama, talauci kuwa yana nan garau, ko mura bai yi ba. Abin da NAPEP ta bar mana gado shi ne keke mai ƙafa uku. Honarabul ya yi alkawarin riƙe wannan al'ada: makon farko a ofis zai sauya wa shirin suna, ya sake tambari, ya ba da kwangilar buga riguna da huluna.

Amma inda ya fi shahara shi ne rabo, kuma nan nake so ranka ya daɗe ka saurara da kyau. Ranar rabon shinkafa a filin firamare, zawarawa da tsofaffi sukan kama layi tun da asuba. Honarabul ba ya zuwa sai bayan azahar, don ya ba su damar yin zumunci. Akwai rumfa da kujeru da ruwan roba mai sanyi domin manyan baƙi. Talaka kuwa an san ya saba da rana, ba a so a ɓata masa tarbiyya. Sai a sauko da buhu ɗaya mai kilo 50. A kira bazawara ta ɗora hannu a kai, Honarabul ya ɗora nasa, ya ce mata, "Baba, ɗan yi murmushi mana," mai hoto ya ɗauka. A ce ta matsa gefe, a kira ta bayanta, ita ma ta dafa wannan buhun dai. Kafin magariba buhu guda ya shiga hannun mata sun fi a ƙirga, hotuna sun cika Facebook, sannan a auna wa kowace gwangwani biyu a leda, a haɗa mata da ƙullin gishiri. Wane masanin tattalin arziki ne a Abuja zai iya wannan lissafi?

Sauran buhunan ma ba ya barin su lalace. A Oktoban 2020, da jama'a suka farfasa rumbunan ajiya a Jos da Legas da Kaduna suka tarar da abincin tallafin korona jibge, manya da yawa sun ji kunya. Siton Honarabul shi ma an leƙa, ba a sami ko ƙwaya ba. Tuni ya juye shinkafar a sababbin buhuna ya kai kasuwa, inda kowane talaka yake da 'yancin saye ba tare da bin layi ba.

Sai maganar rijista. Ana yawan kuka cewa sunayen masu cin gajiya ba su da tsabta. Ta Honarabul babu wariya a cikinta: har waɗanda suka riga mu gidan gaskiya bai manta da su ba. Wa ya fi mamaci talauci, mutumin da ya tafi da likkafani kaɗai? Tsohuwar da ba ta da waya, ba ta da NIN, ba ta da BVN, ita ce ba ta shiga ba, kuma wannan laifinta ne da ta ƙi tafiya da zamani. Waɗanda suka shiga kuwa, katunansu na cirar kuɗi suna wurinsa a cikin baƙar leda don kada su ɓata. Shi da kansa yake zuwa wajen mai POS a madadinsu, ko kuɗin mota bai taɓa tambayarsu ba.

A shirin ciyar da ɗalibai ma ya taɓa yin hidima, lokacin da ake ware naira 70 ga kowane yaro. Shi ya gano cewa ƙwai ɗaya yana isar yara huɗu in dai wuƙar tana da kaifi. Da ma'aikatar jinƙai ta ce za ta ci gaba da ciyarwa a 2020 alhali makarantu suna rufe, mutane sun yi ta mamaki. Honarabul bai ga abin mamaki ba, don ya daɗe yana ciyar da makarantar da ko a buɗe take babu ɗalibi a ciki.

Na san abin da ke ranka, ranka ya daɗe: abin da ya faru a Janairun 2024, lokacin da ka dakatar da shugabar hukumar NSIPA, Halima Shehu, sannan ka dakatar da ministar jinƙai Betta Edu bisa zargin ba da umarnin tura naira miliyan 585 zuwa asusun wani mutum. Ranar Honarabul ko tuwon dare bai iya ci ba. Ya yi ta girgiza kai yana cewa, "Haba! A rubuce? Har da sa hannu?" Ina tabbatar maka irin wannan ba za ta taɓa fitowa daga ofishinsa ba. Bai taɓa sa hannu a kan komai ba, kuma ɗakin ajiyar fayil ɗinsa yakan kama da wuta a daidai lokacin da ya kamata.

Kada kuma a ji tsoron zai yi gaggawa. Ya san in talauci ya ƙare, ma'aikata ta ƙare, rancen Bankin Duniya ya tsaya, direbobi da masu ba da shawara na musamman su rasa abin yi. Ba zai yarda a jefa bayin Allah cikin wannan hali ba. Zai lallaɓa talaucin, ya miƙa shi ga magajinsa lafiya lau, har da ƙari.

In ma ta kai ga EFCC ta gayyace shi shan shayi, gwamnati ba za ta kashe ko kwabo ba. Keken guragu da abin ɗaure wuya da takardar likita duk ya tanade su, suna gareji a bayan janareta, kuma ya iya suma a gaban alƙali ba tare da hularsa ta faɗi ba.

Naka mai biyayya,
Wani maƙwabcin Honarabul.