Allah Ya Ƙara wa Hajiya Basira

Duk shekara ana rabon lambobin yabo a ƙasar nan, a ba 'yan kasuwa, a ba gwamnoni, har mawaƙa ba a bari a baya ba, amma ban taɓa jin an kira Hajiya mai 'yar raino an miƙa mata ko da takardar shaida ba. Wannan tauye haƙƙi ne, shi ya sa na ɗauki alƙalami yau don in rage mata takaici. Manajan masana'anta a Sharaɗa ko Bompai, duk digirinsa da lauyoyinsa, bai iya ɗaukar ma'aikaci kamar Hajiya ba. Shi sai ya rubuta takarda, ya faɗi albashi, ya faɗi lokacin shiga da na tashi, ya sa hannu, wato ya ɗaure kansa da kansa. Ita kuwa magana ɗaya take yi ciniki ya faɗa: "Ai ta zama 'yata."

Ku duba yadda ake ƙulla abin. Hutun haihuwa ya zo ƙarshe, ofis na jira, sai Hajiya ta buga wa dillaliya waya a samo mata yarinya mai hankali, mai tsabta, marar surutu, wadda idonta bai buɗe ba. Sharaɗin ƙarshen nan shi ne ginshiƙi, domin mai buɗaɗɗen ido tana iya tambayar nawa za a biya ta, kuma kowa ya san wannan rashin tarbiyya ne. Bayan kwana biyu ga dillaliya da yarinya daga ƙauye, da 'yar ledar kayanta. Yarinya ta durƙusa ta gaishe da Hajiya, ta koma gefe ta zauna a ƙasa, manya su yi magana. Ba a tambayarta komai, don kada a ɗora mata nauyin tunani. Dillaliya ta karɓi kuɗin watan farko a matsayin la'ada, sauran watannin ma ta hannunta za su riƙa bi zuwa gida. Abin da ke isa hannun uwar yarinya kuwa sirri ne tsakanin dillaliya da Mahaliccinta, kuma Hajiya ba mai shiga sirrin mutane ba ce.

Sai bayanin aiki, inda gwanintar take. "Ba wani aiki ba ne fa, ɗan riƙon yaro ne kawai kafin in dawo." Gaskiya ta faɗa. Sai dai mai riƙon yaro ai ita za ta wanke kayan yaro, kuma tunda ta riga ta jiƙa hannu, mene ne wahala a haɗa da na yayyensa? Kwanon da yaro ya ci abinci ba a wanke shi shi kaɗai a bar tukwane suna kallo. Yaro yana rarrafe, tilas a share falo a goge, kuma shara ba ta tsayawa a falo. Kafin wata ya zagayo, ɗan riƙon yaro ya haifi kai niƙa, da aiken kanti, da ɗiban ruwa ranar da famfo ya ɗauke, da yankan alayyafo, da buɗe wa Alhaji ƙofar gida ƙarfe 11 na dare, duk kuma da goyo a baya. Ba a ƙara mata aiki ko ɗaya ba, shi aikin ne yake da albarka. Da an rubuta a takarda tun ranar farko, ina wannan albarka za ta samu wurin yaɗuwa?

Mu zo kan kuɗi, ko da yake Hajiya ba ta son a kira shi albashi, ta fi son "ɗan abin sabulu". A ce N10,000 ne a wata. Yarinya ta tashi da asuba, ba za ta kwanta ba sai an kwashe kwanukan dare, a ƙaddara awa 16 ke nan. Wata kwana 30 ne, kuma duk talatin ɗin na aiki ne. Idan ka raba, rana ta kama N333, awa ɗaya kuma wajen N21. A gaya mini masanin tattalin arzikin da ya taɓa sauko da farashin aiki zuwa nan ba tare da an yi masa zanga-zanga ba. A watan Yulin 2024 aka sa hannu kan dokar mafi ƙarancin albashi na N70,000, Kano ma ta ɗora N1,000 a kai don ma'aikatanta. Hajiya na cikin waɗanda suka zauna a gida lokacin da ƙungiyar ƙwadago ta kira yajin aiki kan wannan magana, kuma ta yi addu'a sosai Allah Ya karya azzalumai masu cin gumin ma'aikata. A ranar yajin ma yarinya ce ta kawo mata shayi. Babu saɓani a nan ko kaɗan, domin dokar da kanta ta cire duk wanda ma'aikatansa ba su kai 25 ba, Hajiya kuwa ɗaya tal gare ta. Ashe 'yan majalisa ma sun san darajarta. (Su ma ai akwai masu raino a gidajensu.)

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 komai ya tashi: shinkafa, kuɗin mota, kuɗin makaranta, madarar gwangwani. Abu ɗaya ne ya tsaya cak bai motsa ba, shi ne ɗan abin sabulun yarinya. Gwamnati ta yi ta fama da hauhawar farashi ta kasa, ga Hajiya ta shawo kansa a cikin gidanta ba tare da ko taron manema labarai ba.

Wata Hajiyar ma ta fi wannan hangen nesa: ba ta biya ko kaɗan, ajiyewa take yi. "Ina tara mata ne, idan aurenta ya tashi in yi mata kayan ɗaki." Banki ne da babu irinsa, ba littafi, ba shaida, ba ranar cira, kuma mai ajiyar ba ta san adadin abin da ta tara ba, don haka ba ta da fargabar asara. Daga cikin ajiyar ake cire kuɗin farantin tangaran da ya fashe, da kofin da yaro ya wurgar tana riƙe da shi, da atamfar sallah wadda aka ce kyauta ce ranar da aka ba ta. Abin mamaki kuma, wanda ya kamata masana su zauna su duba, shi ne yadda sarƙar gwal ke ɓacewa daidai lokacin da ajiya ta yi kauri, yarinya ta fara cewa tana son zuwa ganin gida. Sai a zazzage ledarta a tsakar gida. Ko ba a samu komai ba, zargi ya riga ya shiga, kuma Hajiya mai tausayi ce, ba za ta kai ta wurin 'yan sanda ba. Ta yafe mata, ta sa ta a mota, ajiya kuma ta tafi a madadin sarƙa. Idan bayan mako biyu sarƙa ta fito daga ƙasan jakar biki, ai sai a gode wa Allah, ba a tayar da maganar da ta wuce.

Batun hutu kuwa, Turawa ne suka ƙirƙiro shi don raunana zumunci. A 2011 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta fito da yarjejeniya mai lamba 189 kan masu aikin gida, wai a ba su hutun awa 24 a jere duk mako, wai a bayyana musu sharuɗɗan aiki dalla-dalla, zai fi kyau a rubuce. Afirka ta Kudu ta rattaba hannu, har a 2022 ta daidaita mafi ƙarancin albashin masu aikin gida da na sauran ma'aikata. Alhamdu lillahi Najeriya ba ta faɗa wannan tarko ba. Mu a nan 'ya ba ta hutu a gidan uwarta. Asabar da Lahadi Hajiya ke hutawa, don haka ranakun ne aka fi buƙatar yarinya. Da sallah za ta je gida, amma sai bayan sallah, saboda baƙi. Idan zazzaɓi ya kama ta, ga Panadol biyu, sai ta ɗan kishingiɗa bayan ta gama wanke-wanke. Wurin kwana ma ba a ware ta a wani ɗaki can ita kaɗai kamar bare ba: tabarmarta na ƙasan gadon yara, ko a sito kusa da buhun shinkafa, inda duk wanda ya kira za ta ji.

Kada wani ya zaci Hajiya ba ta san addini ba. Tana zuwa Islamiyya, ta sauke Risala, kuma a can Ibn Abi Zaid ya yi bayanin cewa ijara tana halatta ne idan an yanke wa'adi an kuma ambaci lada. Ta san aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, kan rubuta bashi take. Ta san a Suratul Ƙasas, da dattijon Madyana zai ɗauki Annabi Musa aiki, sai da ya faɗi shekara 8, cikon 10 kuma ganin dama ne, ya kuma ce ba ya son ya tsananta masa. Hadisin biyan ɗan ƙwadago tun guminsa bai bushe ba kuwa, ita ke tura shi a WhatsApp ranar Juma'a. To ga inda fiƙihunta ya zarce na malamai: duk waɗannan hukunce-hukunce a kan ma'aikaci suke, wannan kuwa 'ya ce. Idan aka zo rabon nama da kuɗin makaranta da kwana a kan katifa, sai ta koma 'yar aiki, domin 'ya'ya ke da waɗannan. Hadisin gumi ma ba a saɓa masa ba, tunda gumin yarinyar bai taɓa samun sararin bushewa ba.

Doka ma haka. Dokar hana fataucin mutane ta 2015, wadda hukumar NAPTIP ke aiwatarwa, ta haramta ɗaukar yaron da bai kai shekara 12 ba aikin gida, har da ɗauri. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce karatun firamare da ƙaramar sakandare kyauta ne kuma dole. Hajiya ba ta karya ko ɗaya ba. Shekarun yarinya dai babu takardar haihuwa, dillaliya ta ce ta kai 15, ƙanƙantar jiki ce irin ta danginsu. Makaranta kuwa kullum tana zuwa, har sau biyu: da safe ta raka yara da jakunkunansu, da rana ta je ta ɗauko su.

Alhaji ma ya cancanci a tafa masa. Shekara biyu yarinya na gidansa, bai san sunan garinsu ba, bai san nawa ake biyanta ba, bai san ko ana biya ba. "Wannan harkar mata ce." Mutum ne mai kamun kai. Ko da 'yan samarin gidan suka fara yi mata wani irin kallo, maganin a wurinsa mai sauƙi ne, a sallame ta kafin ta lalata masa tarbiyyar yara. Da daddare kuma shi da Hajiya su zauna su yi ta jimamin 'yan matanmu da ake kai wa aikatau ƙasashen Larabawa, ana ƙwace musu fasfo, ana hana su waya. Har ƙwalla Hajiya take yi, sannan ta ƙwala wa yarinya kira ta kawo ruwa, ta kuma tuna mata cewa a gidan nan ba a yarda 'yar aiki ta riƙe waya ba.

Abin da ya fi burge ni shi ne tawakkalinta. Sito a kulle yake, mabuɗi na jakarta. Firji da kwaɗo. Gwangwanin madara an yi masa alama, naman miya an ƙirga. Amma jaririn da ta ɗauka wata 9, ta sha wuyar haihuwarsa, shi take miƙa wa yarinyar da ba ta ƙoshi da barci ba, ba ta ƙoshi da abinci ba, ba a taɓa nuna mata yadda ake haɗa ruwan gishiri da sukari ba, ba ta da lambar da za ta kira idan ya shaƙe, ta fita tun ƙarfe 7 sai la'asar. Ba ta amince mata da cokalin madara ba, ta amince mata da rai. Wannan imani sai waliyyai. Kuma idan yaro ya faɗo ya fasa leɓe, an san mai laifi, ba a sha wahalar bincike.

Sai dai dole in yi gargaɗi, domin akwai wasu 'yan tsirarun mata da suka fara ɓata kasuwa. Ba sa ɗaukar ƙananan yara, babbar mace suke nema. Su zaunar da ita a kan kujera, a gaban shaidu biyu, a rubuta da boko ko da ajami: ga aikinki, raino ne da wankin kayan yaro, abin da ya wuce haka sai da ƙarin kuɗi. Ga albashi, ga ranar biya, a hannunki ko a asusunki, dillaliya ta karɓi la'adarta sau ɗaya daga aljihunmu. Ga ranar hutu duk mako, ga lokacin Islamiyya, asibiti a kanmu, duk shekara a sake duba kuɗin, wadda za ta rabu da wata ta ba da sanarwar wata guda. Har kwafi suke ba ta ta riƙe! Sakamakon ya fito fili: masu rainonsu sai su shekara 5 ba su tafi ba, gida ya rasa ɗanɗanon sabuwar fuska duk bayan wata uku, uwar gida kuma ta rasa abin faɗa idan ƙawaye sun haɗu a biki ana kukan 'yan aikin zamani marasa amana.

Don haka Hajiya, kada ki biye musu. Idan wannan ta gudu kamar yadda ta baya ta gudu, ba laifinki ba ne, butulci ne irin na 'yan ƙauye. Ki buga wa dillaliya waya ta kawo wata, ki ce a samo wadda ta fi ta ƙanƙanta, kuma ko da wasa kada ki bari biro da takarda su kusanci wurin cinikin.