Riga Biyu, Ruwa Ɗaya: Wasiƙa Zuwa Bakin Gadar Wudil

Kiel, Jamus
Tsakiyar watan Janairu

Zuwa ga taubashina, gwanin ninkaya na bakin gada,

Ya sanyi? Kada ma ka wahalar da kanka da amsa, na ga hoton da ka turo ranar Juma'a: rigar sanyi biyu, hula har kunne, mayafin Inna a kafaɗa, ga kasko a gabanka kamar mai jego, ka kuma rubuta a ƙasa wai "Wudil ta zama Turai". Haba taubashi! Digiri 12 ne fa da asuba, kafin hantsi rana ta fito ta gasa muku baya. Ruwan da na shiga ranar Asabar digiri 4 ne, iskar da ke kaɗawa a kansa kuwa ta fi shi yanka. Da za a kawo ka nan, na rantse sai an haɗa da kaskon da Innar gaba ɗaya.

Ka ce in yi maka bayanin abin da ka gani a bidiyo, wanda ka sa wa suna "tsayuwa kan ƙyaure da laima". To saurara da kyau, don na san halinka, gobe za ka je majalisa ka ba da labarin kamar kai ka ƙirƙiro shi. Allo ne mara nauyi, tsawonsa ya ɗan haura mita biyu. A tsakiyarsa an dasa doguwar sanda wadda gindinta ke juyawa ta kowane ɓangare, a jikinta kuma an ɗaure wani faffaɗan mayafi na leda mai ƙarfi. Kana tsaye, ka riƙe mariƙin da hannu biyu, iska ta cika mayafin ta ja ka a guje. Babu inji, babu filafili, babu sandar tuƙi. Wasu Amurkawa biyu, Jim Drake da Hoyle Schweitzer, su suka nemi rajistar ƙirƙirarsa a Kalifoniya a 1968, a 1984 kuma ya shiga gasar Olamfik a Los Anjelis. Garin nan da nake na masu jirgin iska ne tun fil azal: sau biyu ana yin tseren jiragen Olamfik a ruwansu, 1936 da 1972. Ni a Laboe nake yi, wani ɗan gari a bakin tekun Baltik, inda ruwan bai da zurfi har ka yi nisa da gaɓa.

Za ka ce me ya kai mutum ruwa a irin wannan lokaci. Iska ce. Mai ƙarfin tana zuwa ne da kaka da hunturu, kamar yadda ku ma ba a samun iskar sheƙar hatsi sai damina ta wuce. Mai son wasan nan dole ya shirya da sanyi, shirin kuwa riga ne. A nan na yi makonni ina juya magana a raina, don rigunan iri biyu ne, kowace da mutanenta, kuma musun da ke tsakaninsu ya fi na 'yan ƙwallo a teburin mai shayi.

Ta farko ita ce jiƙaƙƙiya. Da wata roba mai laushi ake ɗinka ta, niyofirin, wadda kamfanin DuPont ya samar a 1930, wani masanin kimiyya kuma mai suna Hugh Bradner ya yi rigar ruwa da ita a Kalifoniya wajen 1952. Tana kama jiki tsam tun daga wuya har idon sawu. Ruwa yana shiga, amma ɗan kaɗan, jikinka ya ɗumama shi, ya tsaya nan bai fita ba. Mutane da yawa sun ɗauka wannan ruwan ne ke ba da ɗumi. A'a. Cikin robar cike yake da ƙananan kumfar iska da ido ba ya gani, su ne ke tare zafin jikinka kada ya tsere. Shi ya sa ake auna ta da kauri: milimita 3 ta bazara ce, ta hunturu milimita 5 ko 6 a ƙirji, hannu da ƙafa a rage ɗaya don su motsa. Idan ta yi maka yawa ko da kaɗan ne, ta tashi daga aiki, don sabon ruwan sanyi zai riƙa shiga yana korar mai ɗumin. Wato kai da ba ka sa riga sai mai cin shadda yadi goma, wannan ba ta gidanku ba ce.

Sa ta ma wani aiki ne. A bayan mota ake yi, iska na dukan mutum. Sai ka zura ƙafa cikin ledar cefane tukuna don ta sulale ta wuce, ka ja, ka ja, ka gyara gwiwa, ka gyara hammata, sannan zif. Daga nan takalmin roba, safar hannu, da hular da ta rufe komai sai ido da hanci da baki. Faɗuwar farko kuwa, akwai wani siririn ruwa da ke bi ta ƙeya ya gangara tsakiyar baya kamar an ja maka zaren ƙanƙara. Ka yi salati, ka ƙirga ashirin, sai ka ji ya zama naka.

Ta biyu busasshiya ce. Ita wannan kamar buhu take, da yadin da ruwa ba ya ratsawa, wuya da wuyan hannu an sa musu roba mai matsewa, zif ɗinta ma na musamman ne, har kakin zuma ake goga masa. Ita kanta ba ta da ɗumi ko na anini. Aikinta kawai ta hana ruwa, ɗumin kuwa daga kayan da ka sa a ciki yake, na ulu ko makamancinsa, ban da auduga, don auduga in ta sha gumi sai ta koma maƙiyiyarka. Kafin a shiga ruwa sai mutum ya tsuguna, ya ja robar wuya da yatsa, iskar ciki ta fita fuuu. In bai yi haka ba, zai taso saman ruwa a kumbure kamar gorar masunta, wani lokacin ma iskar ta gudu ƙafafu ta nemi ta kifa shi. Na tuna da kai ranar da na fara ganin wani dattijo yana wannan tsugunno, na ce da taubashi na nan da ya tambaye shi ko tsire ya ci da yawa.

Gaskiya busasshiya ta ja hankalina, kuma dalilin zai ba ka mamaki: salla. Yanzu haka azahar wajen sha biyu da rabi take, la'asar wajen ƙarfe biyu, kafin biyar saura an yi magariba. Salloli uku cikin awa huɗu. Mai busasshiya yana fitowa ya zuge zif, ga shi da kayansa a bushe, ya yi alwala ya ta da kabbara. Mai jiƙaƙƙiya sai ya yi kokawar tuɓewa da hannuwan da suka sandare. Ga kuma maganar fitsari, sanyi yana kawo shi da wuri. Wasu a nan cikin jiƙaƙƙiyar suke sakin abinsu, ba su ɗauke shi komai ba. Ni kuwa najasa ce a jikin da zan yi sujada da shi, ba zan iya ba. Wasu busassun har ƙaramin zif aka yi musu don wannan buƙata. Ta fi tsada nesa, amma na fara tara kuɗinta.

Abin da ya sauya mini ra'ayi a gabana ya faru, a watan Nuwamba. Wani saurayi mai busasshiya ya faɗi, fiffiken da ke ƙarƙashin allonsa, mai kaifi kamar ƙayar bayan kifi, ya tsaga masa riga a cinya. Tsagar ba ta kai tsawon yatsa ba. Allah ya taimake shi inda ruwa bai wuce ƙirji ba ne, ya tako da ƙafa. Amma ka ga fitowarsa! Ƙafafun rigar sun cika sun yi tim kamar salka biyu, yana jan su da ƙyar, leɓɓansa sun yi shuɗi, haƙoransa na kaɗawa har ana ji. Mu uku muka tuɓe shi, muka naɗe shi da bargo a mota, ya kasa riƙe kofin shayi. Ruwan da ya shiga ba ya nutsar da mutum, amma yana kwashe ɗumin nan gaba ɗaya cikin ɗan lokaci, sannan ya hana ka hawa allo. Jiƙaƙƙiya in ta yage, wurin yagewar kaɗai ke sanyi, sauran jiki na nan da kariyarsa, kuma ninkaya da ita ba wuya.

Ruwa yana zuƙe zafin jiki kusan ninki 25 fiye da iska. Wani malami a Jami'ar Manitoba ta Kanada, Gordon Giesbrecht, ya taƙaita abin da ke samun wanda ya faɗa ruwan ƙanƙara ba shiri: minti 1 na farko numfashi ke ƙwacewa, sai ka yi ta haki ba da sonka ba, kana da kamar minti 10 kafin hannu da ƙafa su daina jin umarni, wajen awa 1 kafin hankali ya gushe. Ka lura da na tsakiyar nan, taubashi. Ba gajiya ba ce, ba rashin iya ninkaya ba ne, jijiyoyi ne kawai ke ƙin aiki. Don haka na daina tambayar wace riga ta fi daɗi a kan allo, na koma tambayar wacce nake so a jikina ranar da sanda ta karye, allo ya tsere, gaɓa kuma tana can nesa. Na sayi jiƙaƙƙiya mai milimita 6 da hula a haɗe. Maganar salla kuwa na tsara ta: in yi azahar, in shiga, in fito kafin la'asar ta yi nisa. Awa ɗaya da 'yan mintuna ta ishi mai hankali a irin wannan ruwa.

Yanzu ga abin da ya sa na zauna na rubuta maka doguwar wasiƙa maimakon saƙon murya. Duk ranar da na tsaya a bayan mota ina jan wannan roba, ku nake tunawa. Ina ganin ku da sassafe a ƙasan gada, hazo ya rufe kogi, kwale-kwale a jere, kuna nutsewa da bokiti kuna tasowa da yashi, tifofi na jira a gaɓa. Ina tuna yadda kake fitowa fatarka ta yi fari fat, ka durƙusa gaban wutar kara, hannunka na rawa har kokon da ke kofi yana zuba, kana cewa kai sanyi ba ya kama ka. Yana kama ka, taubashi, tun muna yara yake kama ka, baki ne kawai Allah ya ba ka. Ruwanku bai kai namu sanyi ba, amma awa nawa kuke yi a ciki, jiƙe, iskar hunturu na busa ku? Kuma kowannenku daga shi sai gajeren wando.

Don haka zan aiko maka da jiƙaƙƙiya. Busasshiya ba ta yi maka ba, da ita ba za ka taɓa kai ƙasan ruwa ba, sai dai ka yi ta yawo a sama yara na jifan ka da ɓawon rake. Mai kauri irin tawa ma za ta riƙa ɗago ka, ga zafi da zarar rana ta ɗaga. Mai milimita 2 ko 3 zan nema. Ka samo tef wajen tela, a auna mini tsawonka da ƙirji da ƙugu, kuma don Allah kada ka shanye ciki lokacin awon, duk Wudil ta san tumbin nan. In ka gama aiki ka ɗauraye ta, ka shanya a inuwa, rana tana cinye robar. Baƙa ce wuluk, tana sheƙi. Na san ranar farko za a ce ga tarwaɗa ta fito da ƙafa biyu, masu suyar kifi su fara yi maka ciniki. Ka daure. Kafin Juma'a biyu za su zo aro.

A cikin kayan akwai rigunan ceto guda huɗu, su kuma ba na wasa ba ne. Na masu fito da mutane ne, a riƙa sa wa yara. Tun abin da ya faru a Bagwai a Nuwamban 2021, da kwale-kwale ya kife da 'yan Islamiyya a ruwan Watari, raina bai kwanta da fiton nan namu ba. A nan akwai ƙungiyar ceto a teku da aka kafa a garin Kiel tun 1865, kuma da gudummawar jama'a kawai take tafiya. Za ka ga ɗan asusu mai siffar jirgi a kan kantar shaguna, kowa ya jefa canjinsa. Ka kai maganar gaban Sarkin Ruwa, ko da kwano ne a ajiye a bakin mashiga.

Kilishin da ka ce za ka ba ɗan saƙo, bar shi, dokar Tarayyar Turai ta hana shigo da nama a jaka, ƙwacewa za su yi a filin jirgi. Ka cinye da kanka, dama na san niyyar ke nan. Kuɗin shara kuwa na shekara uku ina bin ka, kada ka ce rigar ta biya, lissafinsu daban.

Ka gaida Inna, ka mayar mata da mayafinta. Ka gaida Kawu da amarya da yara, da duk 'yan majalisar bakin gada. Ina jiran awon kafin ƙarshen wata.

Naka,
Taubashinka na Jamus