Harajin Bika: Nazari a kan Girkin Baƙo a Dajin Yankari

Daga cikin dabarun da masu yawon buɗe ido suke yi don rage kashe kuɗi akwai wadda ake kira hutun ciyar da kai, wato mutum ya kama masauki kawai ba tare da abinci ba, ya taho da tukunyarsa da cefanensa, ya dafa abin da ransa yake so a lokacin da ya ga dama. Tsarin yana da farin jini a masaukan da ke gefen manyan gandayen namun daji na Afirka, irin su Kruger ta Afirka ta Kudu, kuma a birni babu abin kushewa a cikinsa. Amma a daji lissafin yana da giɓi guda da yawancin magidanta suke mantawa, shi ne rabon masu wurin, waɗanda ba sa aiko da takardar haraji kuma ba sa karɓar uzuri.

Gandun dajin Yankari, wanda yake a ƙaramar hukumar Alkaleri ta jihar Bauchi, shi ne wurin da ya fi dacewa a gwada wannan magana. An keɓe shi a 1956, aka buɗe shi ga baƙi a 1962, ya zama gandun ƙasa a hannun gwamnatin tarayya a 1991, sannan ya koma hannun jihar Bauchi a 2006, faɗinsa kuwa ya kai murabba'in kilomita 2,244. Baƙo yakan shiga ta ƙofar Mainamaji, ya yi tafiyar kimanin kilomita 40 cikin daji kafin ya isa sansanin Wikki, inda ɗakunan kwana suke, dab da maɓuɓɓugar ruwan ɗumi wadda ɗuminta yake tsaye a wajen digiri 31 rani da damina. Abin da yake kawo mutane shi ne giwa da ɓauna da gwanki da dorina, waɗanda sai an shiga mota an bi su bakin kogin Gaji kafin a gan su, shi ma in an taki sa'a. Dabba ɗaya ce ba ta buƙatar a wahala wajen nemanta, domin ita ce take neman baƙo tun kafin ya kashe mota, ita ce bika, wanda aka fi sani da gwaggon biri.

Bika biri ne mai doguwar fuska irin ta kare, yana rayuwa cikin garke mai shugabanci da ladabin girma, namiji ƙosasshe yakan haura kilo 20, kuma yana da fiƙoƙi da ba a so a gani kusa. Yana cin ganye da saiwa da ƙwari da nama, yana da 'yan aljihuna a kumatu inda yake ajiye abin da bai samu sukunin taunawa ba, kuma a duk inda baƙi suka saba jefa masa abinci yakan koyi abubuwa uku: cewa leda ba ta tafiya fanko, cewa mariƙin ƙofa ana murɗa shi ne, da cewa ihun ɗan birni ba ya cizo.

Wani magidanci, malamin makaranta mai son lissafi, ya zauna da biro da takarda ya gano cewa idan iyalinsa suka dafa da kansu za su rage kusan rabin kuɗin tafiyarsu zuwa Yankari, saboda haka ya cika bayan motarsa da shinkafa kwano biyu, da taliya, da doya, da man gyaɗa, da kiret ɗin ƙwai, da burodi, da dambun nama, da kilishin da aka yi niyyar ci a hanyar komawa, da 'yar tukunyar gas. Uwargida ta ce masa, "Malam, an ce fa akwai ɗakin cin abinci a wurin," ya amsa da cewa wanda ya ce akwai bai faɗi farashi ba.

Kashin farko na harajin ya fita ne a lokacin sauke kaya, sa'ad da magidancin ya buɗe bayan mota, ya ɗora burodi a kan rufinta, ya juya don ya nuna wa yara inda za su ajiye buhu. Da ya waiwayo sai ya tarar da wani dattijon bika zaune a inda burodin yake, ya rungume shi a ƙirji, yana yage ledar da yatsu biyu cikin natsuwa, yana kallon magidancin kamar mai unguwa da ya zo duba sabon ɗan haya. Yara suka yi ta tsalle don murna, magidancin kuwa ya zaro takardarsa ya soke burodi, ya bayyana cewa irin wannan asara an yi hasashenta.

Kashi na biyu ya fi tsari, domin a nan ne aka ga rabon aiki. Uwargida ta kafa tukunyar gas a bakin ƙofa, ta soma suyar albasa, magidancin ya ɗauki muciya ya tsaya gadi yana fuskantar gabas, inda wasu 'yan birai suke wasa a fili, suna matsowa taku biyu suna ja da baya taku ɗaya. Yana can yana daka musu tsawa wata uwa mai goyo a ciki ta zagayo ta yamma, ta ɗebi ƙwai iya abin da hannu da baki suka ɗauka, ta haye rufi, daga nan ɓawo ya riƙa sauka ɗaya bayan ɗaya a gaban mai gadin. Da ya fusata ya nufi wani babban namijin bika da muciya a sama, sai bikan ya yi hamma mai tsawo, wadda masana halayyar dabbobi suke fassarawa da gargaɗi, domin manufarta a nuna fiƙoƙi. Magidancin, wanda bai karanta wannan fanni ba, ya fahimci darasin nan take, ya sauke muciyar, ya ce dama dabba ba a biye mata. A cikin wannan ruɗani tukunyar shinkafa ta kife, sai ga gadu, wato aladen daji mai haure, ya iso da iyalinsa, suka durƙusa a kan gwiwoyin gaba kamar yadda ɗabi'arsu take wajen kiwo, suka share wurin tas, suka wuce da jela a tsaye.

Kashi na uku ya zo da la'asar, lokacin da aka fita kallon namun daji. Wani ma'aikacin gandun ya ce wa magidancin, "Ranka ya daɗe, a sa makulli, a kuma duba tagogi," shi kuwa ya murza makullin ƙofa har sau biyu, ya jijjiga ta, ya gamsu, bai tuna da 'yar tagar banɗaki da aka bari a buɗe don iska ba. A bakin Gaji sun ga gwambaza da kanki da tsuntsaye iri-iri, game da giwa kuwa sun ga sawunta da kashinta, wanda jagora ya tabbatar musu sabo ne. Da suka dawo suka tarar ƙofa a kulle yadda aka bar ta, ɗakin kuma an yi masa binciken da babu akwatin da ya tsira: taliya a warwatse kan gado, sukari ya bi ƙasa, kilishi babu ko takardarsa, an ɗanɗani man goge baki an yar, yajin uwargida kaɗai aka buɗe aka bari, da alamar wanda ya buɗe ya fita da gaggawa.

Daren nan iyalin suka ci abinci a ɗakin cin abincin da aka guje wa, haka ma washegari, kuma da magidancin ya sake lissafi ya ga ya biya kuɗin ciyarwa sau biyu, ɗaya na iyalinsa ɗaya na garken da bai san adadinsa ba. Garin neman gira an rasa ido. Masu kula da namun daji suna hana ba birai abinci saboda dalili mai nauyi, domin birin da ya saba da abincin mutane yakan daina tsoro, ya koma ƙwace, wani lokaci har da cizo, kuma kowane burodi da ya kuɓuce horo ne da baƙon gaba zai biya kuɗinsa. Saboda haka ka'idar girki a irin wannan wuri ita ce a dafa kaɗan, a ci a ciki, a kulle kowace kafa, kada kuma a ratsa fili da leda a hannu.

A gida magidancin yakan ba abokan aikinsa labarin ruwan Wikki da sawun giwa, wanda girmansa yake ƙaruwa a kowane zama, amma duk lokacin da ya ɗauko biro zai tsara wata tafiyar mai rahusa, uwargida takan tambaye shi a ladabce, "Malam, wannan karon mutum nawa za mu ciyar, ban da mu?"