Baƙin Tafkin Madarumfa

Mutanen Madarumfa ba sa wahalar da kansu wajen tambayar baƙo abin da ya kawo shi. Su dai su bar shi ya buɗe baki, tambayarsa ta farko za ta tona shi. Garin yana kudu da Maraɗi, tafiyar kilomita 20 da 'yan kai, a gefen tafkin da Gulbin Maraɗi da Gulbin Gabi ke shayarwa. Da damina ruwan ya bazu har cikin gonaki, da bazara ya janye ya bar wa masu noman rani danshi. Kewaye da shi kuma akwai kaburburan waliyyai da al'ada ta ce 99 ne. Ruwa da kifi da albarka a wuri guda, ai dole a sha baƙi.

Wanda ya fi kowa sammako shi ne mai ziyara, kuma ba duka suka taru suka zama ɗaya ba. Akwai tsohon da zai zo shiru da butarsa, ya yi sallama, ya yi addu'a, ya ba da sadaka, ya koma. Wannan ba ruwanmu da shi sai dai mu roƙe shi addu'a. Wanda muke nufi shi ne Malam Mai Lissafi. An ce masa 99, to 99 yake so ya gani, ɗaya bayan ɗaya, yana ja a carbi. In aka nuna masa abin da ya samu aka ce sauran suna can nesa, sai ya tsuke fuska kamar an rage masa canji. "To ina sauran?" Rana ta take, ƙafa ta kumbura, lissafi ya rikice, sai ya ce a koma a faro daga farko. Lokacin Mauludi, da jama'a ke cika garin, irinsa kan yi gardama da wani irinsa a kan wanda ya fi yawan ƙirga, har la'asar ta kusa kuɓuce musu.

Allah bai bar Malam Mai Lissafi haka ba, ya haɗa shi da daidai shi, wato ɗan jagora. Ba wanda ya naɗa shi, ba wanda ya kira shi. Kana sauka daga kabu-kabu ka gan shi a gefenka yana "Sannu da zuwa, Alhaji, ai tun ɗazu nake jiranka." Tarihinsa yana da farashi. Na dala ashirin gajere ne: ga tafki, ga kabari, Allah ya ba mu albarkacinsu. Na jaka guda kuwa sai ka nemi wurin zama, domin za a faro daga Bayajida, a bi ta jihadin da ya fitar da sarakunan Haɓe daga Katsina wajajen 1807 har zuriyarsu ta kafu a Maraɗi, sannan a gangaro kan kakan mai ba da labarin, wanda ko da wane zamani ake magana yana wurin, kuma shi ya ba da shawara. Abin burgewa ga ɗan jagora shi ne bai taɓa cewa bai sani ba. Ka tambaye shi zurfin ruwan, zai faɗa maka. Ka dawo gobe ka sake tambaya, ruwan ya ƙara zurfi. Ni dai ba na ganin laifinsa sosai. Baƙin ne ba sa son amsa gajera, shi kuwa ya lura.

Hajiyar kifi ba ta san da waliyyai ba sai a hanyar komawa. Daga Maraɗi take, da roba babba da yaro mai ɗauka. Tun jirgin masunta bai taɓa gaɓa ba ta fara kushe abin da ke ciki. Ta ɗaga tarwaɗa ta ce ta rame, ta juya karfasa ta ce ta kwana, alhali kifin na numfashi a hannunta. "Haba Baba, a Maraɗi ma ai ya fi haka araha." Masunci ya ce, "To Hajiya, me ya fito da ke?" Ta yi fushi ta tafi, ta kai inuwa ta dawo. A ƙarshe ta kwashe duka, ta nemi gyara, ta kuma roƙi a kankare mata.

Samarin salula ba su da dogon bayani. Sabon ɗinki, tabarau, a hau jirgin da ke ɗaure a bakin gaɓa a riƙe filafili a juye. Da jirgin ya ɗan motsa sai salati.

Sai Bakatsine, wanda ya bi ta Jibiya da Ɗan Isa ya shigo. Shi ba ya yarda a kira shi baƙo, kuma yana da hujja, tunda sarautar Maraɗi har yau ta Katsina ake ce mata. Da can yana zuwa da naira yana taƙama. Tun da darajarta ta zube a 2023, sai ya tsaya a gaban mai soya kifi yana lissafin canji a salula, leɓe na motsi, daga bisani ya ce shi dama ya ƙoshi. A bar shi ya huta, sai wani dattijo ya tayar da zancen madatsar ruwan Jibiya, wadda ke kan gulbin nan da ke gangarowa Maraɗi. "Ku kuka tare mana ruwa." Bakatsine ya rantse shi ko bokiti bai tare ba. Ya kawo zancen jirgin ƙasan Kano zuwa Maraɗi da aka ƙaddamar da aikinsa a 2021, wai in ya iso ai an biya diyya. A yi dariya, a raba goro, gobe a maimaita da wani Bakatsinen.

Ɗan furoje da farar mota yake zuwa, da hular rana da ruwan gora. Ya san tafkin sarai, a takarda. Zai faɗa maka cewa tun 2006 Nijar ta sa gandun dajin Madarumfa da tafkin da kaburburan a jerin wuraren da take nema wa shiga kundin tarihin duniya na UNESCO, kuma a 2019 an sa tafkin cikin dausayoyin yarjejeniyar Ramsar. Duk gaskiya ne. Sai ya tara masunta a inuwa ya shaida musu cewa yashi na cike tafkin kuma raga mai ƙananan idanu na kwashe 'ya'yan kifi. Mutanen da ke auna wannan yashin da gwiwoyinsu kowace safiya su gyaɗa kai cikin ladabi, su ce "Haka ne, ranka ya daɗe," su sa hannu a takardar halarta. Wani ya tambaya yaushe za a fara yasa. A ce masa sai an kammala nazari.

Saura mu, mutanen Matamai. Mun taso ta Takeita, mun wuce Tasawa da Gazawa da Agye, mun iso a gajiye, amma ba za mu yaba ba. Mutuminmu zai tsaya a bakin ruwa, hannu a baya, ya ce, "To, ba laifi. Amma da ka ga Korama da damina." A nuna masa lambun rani, ya ce na Kance ya fi kore. A miƙo masa rake, ya ɗanɗana ya tofar, ya ce wannan ai kara ne, a zo Matamai a sha rake. Kifin kuwa bai ce komai a kansa ba, domin bakinsa a cike yake. Da za a tashi sai ya ja mai suya gefe ya ce a ƙunsa masa na jaka biyu, a naɗe da kyau cikin buhu, kada 'yan mota su gane.